Daga Fatar Kwaɗo Zuwa Fuskar Mutum: Tarihin Man Melatonin

A shekarar 1917 wasu masana biyu a Amurka, Carey McCord da Floyd Allen, suka ciyar da 'ya'yan kwaɗi da wani ɗan ƙullutu da suka ciro daga tsakiyar ƙwaƙwalwar shanu. Ba a jima ba sai fatar 'ya'yan kwaɗin ta yi haske. Daga nan aka fara zaton cewa a cikin ƙullutun akwai sinadarin da ke juya launin fata.

Shekara arba'in da ɗaya bayan haka, a 1958, likitan fata Aaron Lerner na Jami'ar Yale da abokan aikinsa suka tace sinadarin, bayan sun sarrafa ƙullutun shanu wajen dubu 250. Suka raɗa masa suna melatonin. Burinsu shi ne samo maganin ciwon nan da ke zabge launin fata ya bar farin dabbare-dabbare. Haƙarsu ba ta cimma ruwa ba, domin abin da ya haskaka kwaɗo bai haskaka ɗan Adam ba. Daga baya aka gane cewa babban aikinsa a jikin mutum shi ne shaida masa dare ya yi: duhu na ƙara shi, haske na rage shi. Shi ya sa duniya ta san shi da taimaka wa barci.

Dawowarsa fagen fata ta biyo bayan binciken Dun-Xian Tan da Russel Reiter na 1993, wanda ya nuna yana kashe kaifin wasu gurɓatattun sinadarai masu lalata ƙwayoyin jiki, irin waɗanda hasken rana ke haifarwa a fata. Aka kuma gano fatar kanta tana samar da shi. Ƙananan gwaje-gwaje a Turai suka nuna cewa shafa shi kafin shiga rana yana rage ƙunarta, amma bayan an fito ba ya yin tasiri. Da wannan kamfanoni suka kafa hujjar zuba shi cikin man shafawa na dare, suna alkawarin rage tamoji da yamushewar fuska. Sai dai gwaje-gwajen da aka yi kan yamushewar kanta na mutane kaɗan ne, cikin 'yan watanni, kuma galibi a kan farar fata.

Ƙasar Daura tana da nata tarihin gyaran fata tun kafin wannan. Hunturu na busar da fata har ta yi kaushi, ranar bazara kuma tana gasa ta. Mata sun daɗe suna kare jikinsu da man kaɗanya da man shanu, suna ado da lalle da kwalli. Tun a 1799 Mungo Park ya ba da labarin darajar man kaɗanya a kasuwannin Afirka ta Yamma, yau kuma kamfanonin Turai na sa shi cikin mayukansu masu tsada. Manufar waɗannan kayan ita ce laushi da sheƙi, kuma sun bar kowa da launinsa.

Abin ya sauya da shigowar man bilicin. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da mayukan haskaka fata, kuma a 2023 shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Sinadarin haidrokwinon, idan aka daɗe ana shafa shi, yakan bar baƙin tabo mai wuyar gogewa. Sitiroid na sirantar da fata ya jawo nankarwa, makuri kuma na taɓa ƙoda. Wato man da aka saya don ƙuruciya shi ke gaggauta tsufan fuska.

A gari irin Babban Mutum na Ƙaramar Hukumar Ɓaure, inda hanya ke tsallakawa zuwa Magarya a Nijar, kaya na shigowa ta fuska biyu, ga kuma cinikin waya. Kwalbar da ba ta da lambar rajistar NAFDAC, ko man da aka haɗa aka ɗura ba tare da jerin sinadaransa ba, cinikin biri ne a sama. Tarihi ya ba mai saye ma'auni mai sauƙi: tun zamanin Lerner aka san melatonin ba ya haskaka fatar mutum. Duk man da ke ɗauke da sunansa, ya kuma sa fuska ta yi fari cikin mako biyu, to akwai wani abu a ciki da ba a rubuta ba.

Hujja mafi ƙarfi kan jinkirta tsufan fata tana tare da kariya daga rana. Wani gwaji a Ostareliya da aka wallafa a 2013 ya bi mutum 903 tsawon shekara huɗu da rabi, ya gano cewa masu shafa man kariyar rana kullum fatarsu ba ta nuna ƙarin tsufa ba kamar ta sauran. Malafa da mayafi da inuwa suna cikin wannan kariya, kuma manomin Ɓaure ya riga masana sanin haka. Man melatonin na iya zama ƙari a kan wannan ga mai hali, da sharaɗin kwalbar tana da rajista kuma an karanta abin da ke cikinta.