Daga Muciya Zuwa Alba: Tarihin Abincin Da Ba Ya Jiran Kowa

Duk wanda ya tashi a nan Muciya ya san abin da ke biyo bayan ruwan farko. Da magariba yara kan fito da kwanuka su kewaye fitila suna kamun shinge, idan damina ta kankama kuma sai naman kaza ya ɓullo a jikin suri. Bayan 'yan makonni sai a neme su a rasa, sai kuma baɗi idan da rai. Mu dai mun ɗauke su abin taɓa-ka-lashe. To amma akwai mutanen da suka riƙi irin wannan abincin lokaci suka rubuta tarihinsa, har ya shiga sahun abinci mafi tsada a duniya.

Mutanen nan su ne Italiyawa, abin kuwa sunansa tartufo. Dangin naman kaza ne, sai dai shi ba ya leƙowa waje. Yana girma ne a ƙarƙashin ƙasa, manne da saiwar wasu itatuwan daji, siffarsa kamar ta gwaza. Farinsa, wanda ya fi daraja, ana tono shi ne daga wajejen Oktoba zuwa Disamba, musamman a kewayen garin Alba da ke arewacin ƙasar. Ba a dafa shi. Kankare shi ake yi siriri-siriri a kan taliya mai man shanu ko soyayyen ƙwai, domin ƙamshinsa ake biɗa, ƙamshin kuwa ba ya wuce 'yan kwanaki.

Tarihinsa ya faro tun zamanin Rumawa. Malaminsu Filini, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya yi mamakin abin da ke girma ba saiwa, ya kuma ce na Afirka ne ya fi samun yabo. Wannan na Afirka shi ne Larabawa ke kira kam'a, wanda ke fitowa cikin rairayin hamada bayan ruwa. Ɗaliban ilmi za su tuna hadisin Sa'idu ɗan Zaidu da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya danganta kam'a da mannu, ya kuma nuna ruwanta magani ne ga ido. Rumawa da Larabawa duk sun alaƙanta fitowarta da tsawa, kamar yadda mu ma ke sauraron hadari kafin shinge.

A nan ne labarin ya taɓo mu. A 1518 'yan fashin teku suka kama wani matafiyi mutumin Fas mai suna Hasan al-Wazzan, aka miƙa shi ga Fafaroma Leo na 10. A Rum ya rubuta littafinsa na bayanin Afirka da Italiyanci, ya kammala a 1526, aka buga shi a Benis a 1550. A cikinsa ya ambaci Kano da Katsina da Zamfara da Gobir da Zazzau. A cikinsa kuma ya bayyana terfez, wato kam'ar Sahara, da yadda ake gane wurinta ta kumburin ƙasa da tsagewarta. Ashe littafin da ya kai wa Turawa sunan Zazzau bai raina abincin makiyayi ba.

Italiyawa kuwa ba su ajiye alƙalami ba. A 1788 wani likita a Turin, Vittorio Pico, ya ba farin tartufo sunansa na kimiyya. A 1831 Carlo Vittadini ya wallafa littafi sukutum a Milan kan ire-irensa. A 1929 wani mai otal a Alba, Giacomo Morra, ya jagoranci kafa bikin baje kolinsa, daga baya ya riƙa aika manyan ƙwayoyi kyauta ga shahararrun mutane don sunan garinsu ya fita. A 1985 aka yi dokar da ta tsara haƙarsa, aka bar aikin ga horarrun karnuka, maimakon aladun da ke ɓata ƙasa. A 2007 attajirin Makawo, Stanley Ho, ya sayi ƙwaya ɗaya mai nauyin kilo ɗaya da rabi a kan dala 330,000 a wani gwanjon taimako. A 2021 kuma hukumar UNESCO ta sanya sana'ar nemansa cikin al'adun gado na duniya.

Yanzu mu dawo gida. Naman kazan da ke kan suri ba shi da ƙarancin abin mamaki, domin gara ce ke noma shi a cikin gidanta, ba ya kuma rayuwa sai tare da ita. Gaskiya ne Bahaushe bai cika damuwa da cinsa ba, amma tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911 Sabon Gari ya tara Yarbawa da Ibo da mutanen kudancin Zazzau waɗanda ke sa shi a miya. Ilmin rarrabe na ci da mai dafi kuwa yana kan tsofaffi, kuma kuskure a nan kan jawo asarar rai. Ga shi gine-gine na cinye gonakin da ke tsakaninmu da Samaru, suri na bajewa, tsofaffin na tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Samaru ta yi suna tun 1922 wajen binciken amfanin gona irin su auduga da gyaɗa da dawa. Wannan aikin masana ne. Amma sunayen abincin lokaci, da watan fitowarsa, da yadda ake sarrafa shi, aikinmu ne mu marubuta. Wa a cikinmu ya taɓa zama gaban mai sayar da fara a kasuwar Sabon Gari ya tambaye ta daga ina ake kawo ta, kuma tun yaushe? Muna kira ga 'yan uwa, musamman masu tasowa, da damina mai zuwa kowa ya ɗauki littafi da biro ya nufi wajen kakarsa. Al-Wazzan yana baƙunta a Rum ya rubuta abin da ya sani. Mu muna gida, suri na bayan ɗakinmu.