Shaihu Umar: Daga Alƙalamin Tafawa Ɓalewa zuwa Majigin Adamu Halilu

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai cikin rubutun boko. Littattafai biyar da suka fito daga wannan gasa su ne ake ɗauka a matsayin tushen ƙagaggen labarin Hausa na zamani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa, sai kuma Shaihu Umar na wani matashin malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin bai daɗe da kammala karatu a Kwalejin Katsina ba. An haife shi a 1912, ke nan shekarunsa ba su wuce ashirin da biyu ba sa'ad da littafin ya fito a 1934.

Duk wanda ya karanta biyar ɗin nan a jere zai ga Shaihu Umar ya fita daban. Imam ya tura jaruminsa yawon duniya yana ta wasan kura da Malam Zurƙe, mai karatu yana dariya. Bello Kagara ya fara da yaƙin Turawa, daga baya ya kai Ganɗoki ƙasashen aljanu. Tafawa Ɓalewa kuwa bai kawo aljani ko tsafi ba, bai kuma nemi ya ba kowa dariya ba. Ya zaunar da wani dattijon malami, Shaihu Umar, a garin Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya buɗe baki ya ba su labarin yadda aka sace shi yana yaro, aka kai shi Kano, daga can wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya haye Sahara da shi zuwa ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi.

Saboda wannan ƙarshe mai daɗi da Umar ya samu, an daɗe ana yi wa littafin wata fahimta: wai marubucin ya sassauta wa bauta, ya nuna ta a matsayin ƙaddarar da haƙuri ke mayar da ita alheri. Akwai hujja a nan da bai kamata a yi watsi da ita ba. Muryar Shaihu a kwance take daga farko har ƙarshe, ba ya zagin kowa, ba ya la'antar kasuwar da aka sayar da mutane a cikinta. Makau, mijin mahaifiyarsa, wanda littafin ya nuna a matsayin mutumin kirki da mahassada suka yi wa ƙazafi a fada har sarki ya kore shi, shi kansa mahayi ne da ake fita harin kama bayi da shi, kuma labarin bai ɗora masa laifi a kan hakan ba.

Sai dai ni ina ganin wannan fahimta ta manta da rabin littafin, wato labarin uwa. Mace ce 'yantacciya, Musulma, matar bafade. Ta rasa ɗanta, ta bar gida ta bi sawunsa, kuma mutumin da ta amince zai sada ta da shi ne ya mayar da ita baiwa. Hanyar da ta ɗaga ɗan ita ce ta karya uwar. Shi ya haye hamada ya tarar da allo da tawada da malamai. Ita ta haye ta tarar da wulaƙanci da ciwo, ana miƙa ta daga hannu zuwa hannu har Tarabulus. Da Allah Ya haɗa fuskokinsu bayan shekaru, ƙarfinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu. Marubucin da ke son wanke bauta ba zai tsara labarinsa haka ba. Ya bar Shaihu ya yi magana da haƙurin da ya dace da malami a gaban almajiransa, amma ya ajiye gawar uwar a tsakiyar labarin inda ba wanda zai iya kauce mata. Bayan haka ma bai tsaya ba: ayarin da Umar ya biyo zuwa ƙasar Hausa guguwar rairayi ta binne shi, Umar ne ya tsira da kyar.

Ya kamata a tuna zamanin da aka yi wannan rubutu. Dokar Lugard ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, amma ba ta 'yanta iyayen ba. Su sai dai su biya murgu, ko su nemi fansa a gaban alƙali, ko su gudu. Sai a 1936 aka soke bauta ɗungurungum a dokar Arewacin Nijeriya, shekara biyu bayan fitowar littafin. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun bi diddigin wannan jan ƙafa a bincikensu na 1993. Ma'ana, yaran da suka fara karanta Shaihu Umar a makarantun Midil sun san rinji, sun san cucanawa a gidajen sarauta, wasunsu ma kakanninsu ne aka kamo a hari. Matashin malami da ke cin albashi a ƙarƙashin En'e ba zai iya tsayawa ya tsine wa tsarin da sarakunan da yake yi wa aiki suka gada ba. Abin da zai iya shi ne ya nuna, kuma ya nuna. Tafawa Ɓalewa ne dai a 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, a ba talaka bakin magana, da irin wannan lafazi mai sanyi da ba ya rage wa magana nauyi.

Siyasa ta ɗauke shi daga adabi. Ya zama Firayim Minista a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966, bai bar wani ƙagaggen labari ba bayan wannan. Shekara ɗaya da rasuwarsa Mervyn Hiskett ya fitar da fassarar Ingilishi.

Rayuwa ta biyu ta littafin ta zo ne daga Zariya, inda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad da ke aikin wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, suka mayar da shi wasan dandamali, aka buga a 1975. Shekara ta gaba Adamu Halilu, ɗaya daga cikin 'yan Arewa na farko da suka ƙware a aikin fim, ya ɗauke shi a majigi da harshen Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Wannan sauyi ya yi wa labarin wani abu da rubutu bai iya ba. A littafi komai ta bakin Shaihu yake biyowa, haƙurinsa ya tace shi kafin ya iso kunnenmu. A dandamali da majigi kuwa ba mai tacewa: mai kallo yana ganin mahara a kan dawaki, yana ganin mutane a ɗaure, yana ganin fuskar uwar da idonsa. Fim ɗin ya haura awa biyu, tafiyarsa a hankali take kamar ta ayarin raƙuman da yake nunawa, kuma Halilu ya ba sutura da gine-gine da zaman fada haƙƙinsu, har ya zama taskar yadda 'yan shekarun 1970 suka hango ƙarni na 19.

Daga nan sai fim ɗin ya ɓace wa jama'a. Tsararraki sun taso suna jin sunansa ba su taɓa ganinsa ba, har zuwa 2016 da aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, da ƙoƙarin Didi Cheeka da abokan aikinsa. Cibiyar Arsenal ta Balin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018.

A cikin shekarun da ya yi a ɓoye ne masana'antar fim ta Kano ta tashi. Turmin Danya ya fito a 1990 a kaset ɗin bidiyo, kuma cikin shekara goma soyayya da rikicin kishiyoyi da waƙa irin ta fina-finan Indiya suka zama abincin kasuwa. Ba na cikin masu raina wannan. Marubutan adabin kasuwar Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu sun taɓo auren dole da zaluncin cikin gida da ƙarfin hali na gaske. Amma batun da Tafawa Ɓalewa ya buɗe kusan ba wanda ya ɗora a kai. Ko a fina-finan sarauta, bayi da kuyangi ado ne na fada, suna fifita da kirari, ba a tambayar daga wane ƙauye aka kamo su, ko wa suka bari a can. Alhali har yau akan binciki asali kafin a ba da aure a wasu gidaje, kuma a Nijar sai a 2003 aka sanya bauta cikin laifuffukan da doka ke hukuntawa.

Kusan duk ɗalibin Hausa a jami'a ya san sunan Shaihu Umar, ya haddace shekarar bugunsa don jarrabawa. Kaɗan ne suka ga fim ɗin Halilu. Tun da an gyara shi, wurin da ya fi cancanta a haska shi shi ne Bauchi da Kano da Zariya da Damagaram, a azuzuwan nazarin adabi da kuma gaban matasan daraktoci da marubutan fim, a haɗa musu shi da littafin su karanta babin uwar da kyau.