Dorugu a Ingila: Baƙunci da Aikin Bishara

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, idan ka taɓa barin Kwandiko ko Gwaram ka je Kano, mai yiwuwa ka shiga gidan namun dajin da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako. Ka ga zaki a bayan ƙarafa, ka ga jimina tana zagaya shinge. Ana ciyar da su, ana yi musu magani, amma an raba su da dajinsu, ba su da sauran aiki sai a zo a kalle su. Duk wanda ya zauna a ƙasar da ba tasa ba ya ɗanɗana irin wannan hali: ido a kansa, baki kuwa babu mai jinsa.

A birnin Landan an buɗe irin wannan gida a 1828. A 1836 aka kai raƙuman dawa 4 daga Sudan, a 1850 kuma aka kai dorina daga kogin Nilu, mutane suka yi ta tururuwa don ganinta. Ga yawancin mutanen Ingila na wancan zamani, Afirka abin kallo ce kawai. Shekara 5 bayan zuwan dorinar, a watan Satumba na 1855, wasu samari biyu daga ƙasarmu suka sauka a wannan birni: Dorugu, Bahaushe, da Abbega, Bamargi.

An haifi Dorugu a wajejen Kance, cikin ƙasar Damagaram. Yana ƙaramin yaro mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi har ya kai Kukawa ta Barno. A can wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaron ya bi abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim. Tare suka ratsa Katsina da Sakkwato har Tambutu, suka komo ta Kano, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, daga nan sai Turai.

A Ingila kuwa akwai wani bawan Allah da ya daɗe yana jiran bakin da zai ji Hausa daga gare shi. Shi ne Rabaran James Frederick Schön na ƙungiyar mishan ta CMS. Ya fara koyon Hausa a Saliyo wurin 'yantattun bayi, ya hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, amma bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, ya zauna a garin Chatham da Hausar da ba ta nuna ba. Sai ga Dorugu a gidansa. Yaron yana magana, malamin yana rubutawa: tatsuniyoyi, karin magana, da labarin rayuwarsa. Da wannan taimako aka buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, Littafin Farawa a 1858, nahawun Hausa a 1862, sa'an nan littafin Magana Hausa a 1885.

Ka tsaya nan ka yi tunani. Mun saba cewa 'yan mishan ne suka kawo mana Maganar Allah, kuma gaskiya ne. Waɗansunsu ma sun bar ƙasusuwansu a ƙasarmu. Amma kafin Bishop Tugwell da Likita Walter Miller su isa Kano a 1900, an riga an shekara fiye da 40 da fara juya Linjila zuwa Hausa, ta bakin yaron da aka taɓa sayarwa a kasuwa. Mai ilimi yana da alƙalami, bawa yana da harshe, ɗaya bai isa ba sai da ɗayan. Haka Ubangiji ya saba yi. Ka tuna da Yusufu da 'yan'uwansa suka sayar zuwa Masar, da kuma yarinyar nan Ba'isra'iliya da aka kama a yaƙi, wadda daga ɗakin uwargijiyarta ta nuna wa Na'aman hanyar warkewa, kamar yadda 2 Sarakuna sura 5 ta ba da labari.

An yi wa samarin baftisma, Schön kuma ya sa rai za su koma su zama masu wa'azi. Ba haka ta kasance ba. Abbega ya komo a 1857, daga baya ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya komo a 1864, ya yi aikin tafinta, da tsufa kuma ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, shekara 20 bayan mutuwarsa. Bai ga girbin ba, amma yana cikin waɗanda suka yi sharar gonar.

Yau 'ya'yanmu suna barin ƙauyukan Birnin Kudu zuwa Legas, da Fatakwal, waɗansu har Ingila da Amurka. Idan kai ne, ɗan'uwa, kada ka ɗauka cewa baƙunci ya mai da kai abin kallo kawai. Ka riƙe harshenka, ka koya wa 'ya'yanka addu'a da shi, ka nemi masu bi a inda kake, ka tsare gaskiya a wurin aikinka. Idan kuwa kai ne mai gida, ka saurari baƙon da ya zo ikilisiyarku, gama ba ka san abin da Allah ya ɗora a bakinsa dominku ba.

Ya Ubangiji, kai da ka zama baƙo a Masar tun kana jariri, ka tsare 'yan'uwanmu da ke nesa da gida, ka sa zamansu ya haifi albarka. Amin.