Gizago a ƙasar duwatsu: yadda sassaƙa ta zauna a Tamanrasset

Sa'ad da wani Bafaranshe, Charles de Foucauld, ya sauka a Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya a 1905, 'yan bukkoki ne kawai a bakin kwari. Abzinawan Kel Ahaggar suna can cikin duwatsu da tantunansu na fata, kuma kowane tanti sai da itace: turaku, akushin madara, ludayi, turmi da taɓarya.

To, ina itacen? Ahaggar ƙasa ce ta dutse da yashi, bishiyoyinta 'yan ƙaya ne da aduwa jefi-jefi a cikin kwaruruka. Wannan ƙaranci shi ya tsara sana'ar. Masassaƙin nan bai yi dodon fuska ko mutum-mutumi irin na Yarabawa ko Dogon na Mali ba. Abin amfani yake yi, mara nauyi, wanda raƙumi zai ɗauka. Zai fafe akushi da gizago har bakinsa ya yi siriri, sannan ya sa ƙarfe a wuta ya zana masa layuka baƙaƙe. In akushin ya tsage, ba a yar da shi, ɗinke shi ake yi da waya. Aikin gado ne na maƙera, inadan: miji na ƙira da sassaƙa, mata na dukanci.

Sauran buƙata kuwa daga kudu take zuwa. Ayari kan ɗauki gishirin Amadror zuwa Damargu ya komo da gero, da kuma kayan kasuwannin Hausa. Sirdin raƙumi mai ƙahoni uku a gaba, Agadas ce ta yi suna da shi. Turmin ma, in mata suka rufe bakinsa da jiƙaƙƙiyar fatar akuya, ya zama gangar tende.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi, sun koro jama'a daga Mali da Nijar, har da maƙeransu, zuwa Tamanrasset, garin da ya zama babban birnin jiha a 1974. Makiyayin da ya rasa garke ba ya sayen akushi, ga roba ta cika kasuwa. Sai maƙera suka koma yi wa Turawa 'yan yawon buɗe ido ƙananan kayan ado, har sace Turawa 32 a kudancin Aljeriya a 2003 ya karya wannan ciniki.

A ganina turmi ne ya fi komai tsira, domin har yau ana daka, kuma ana kiɗan tende a gidan biki.