Top of the Pops: Daga Tsohuwar Majami'a zuwa Hannun Masoya

A titin Dickenson da ke unguwar Rusholme a birnin Manchester, a da akwai wata tsohuwar majami'a da masu ibada suka bari, BBC ta mallake ta ta mayar da ita ɗakin ɗaukar shirye-shirye. Daga cikinta ne, ranar Laraba 1 ga Janairu 1964, da ƙarfe 6:35 na yamma, aka fara watsa wani ɗan shirin waƙoƙi mai suna Top of the Pops. Shiri shida kacal aka ba da izinin a yi, a ga kamun ludayinsa. Sai da ya shekara 42 yana zuwa duk mako.

Mu da muka saba da BBC ta rediyo, da labaran duniya da muryoyi masu natsuwa, za mu iya mamakin jin cewa wannan gidan ne ya zama dandalin samari masu dogon gashi da jita. Ai ita ma BBC ɗin ba da son ranta ta shiga ba. Tashar ITV ce ta riga ta da wani shiri, Ready Steady Go!, wanda ya fara a 1963 ya kwashe matasa, a daidai lokacin da Beatles suka tayar da ƙura a faɗin Birtaniya. Manyan BBC suka ga idan ba su motsa ba za a bar su da tsofaffi. Aka ɗora wa wani furodusa mai suna Johnnie Stewart aikin, aka tura shi Manchester, nesa da Landan, inda ko shirin ya faɗi ba wanda zai ji ƙarar faɗuwarsa.

A shirin farko an ga Rolling Stones, da Dusty Springfield, da Hollies, da Dave Clark Five, da Swinging Blue Jeans, aka rufe da waƙar Beatles wadda ke kan gaba a makon. Wannan rufewa da waƙar da ta zo ta ɗaya ba kwatsam aka yi ta ba, doka ce, kuma dokokin Stewart su ne ƙashin bayan shirin. Ba a sa waƙa sai tana hawa a jadawalin cinikin faifai. Wadda ta fara gangarowa an gama da ita. Ba a maimaita waƙa mako biyu a jere sai dai ta ɗaya. Ta ɗaya kuwa ita ce ƙarshe, ko furodusa na sonta ko ba ya so. A ganina nan hikimar take. Stewart ya cire kansa daga matsayin alƙali, ya miƙa alƙalancin ga yaran da ke kai kuɗin aljihunsu kantin faifai ranar Asabar. Shi ya sa a cikin rabin awa guda za ka ga ƙungiyar rock mai tsawa, bayanta mawaƙin soyayya na iyaye mata, bayansa reggae daga Jamaika, bayansa wata waƙar barkwanci da ba za ta kai wata biyu ba. Abin da kasuwa ta ce, shi za a nuna.

Kafin 1964 ta ƙare an mayar da shirin daren Alhamis, kuma a nan ya yi zamansa mai tsawo. A 1966 ya koma Landan, a ƙarshen 1969 ya fara fitowa da launi. Yadda ake haɗa shi a shekarun 1970 abin a tsaya a duba ne. Ranar Talata da rana ake bayyana sabon jadawali a rediyo. Nan take waya ta ɗauki zafi tsakanin ofishin shirin da kamfanonin faifai: wane ne ya hau, yana gari ko yana yawon wasa a Jamus, zai iya isowa gobe? Laraba a ɗauka, Alhamis a watsa, Juma'a da Asabar yara su cika kantuna. Mawaƙin da ya samu minti uku a daren Alhamis ya san faifansa zai yi tsalle a mako mai zuwa. Wanda bai samu zuwa ba, kafin zamanin bidiyon waƙa, sai a sa 'yan rawa su cike gurbinsa. Ta haka Pan's People, ƙungiyar 'yan mata da ta yi rawa a shirin daga 1968 zuwa 1976, ta yi sunan da ya kai na mawaƙan kansu; daga baya Legs & Co ta ɗauka har 1981. Sau da yawa kwana ɗaya tak suke da shi su tsara rawar sabuwar waƙa.

Akwai maganar da dole a faɗa, domin masu kewar shirin sukan ce a da ne ake waƙa ta gaskiya. Mafi yawan abin da aka gani a Top of the Pops motsa baki ne. A shekarun farko ma ba a ɓoye ba: kyamara na nuna wata budurwa tana ɗora allura a kan faifai, sannan ta juya ga mawaƙa suna bin sa da leɓe. A 1966 ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta tayar da ƙayar baya, ta ce wannan yana hana 'ya'yanta cin abinci. Aka kafa wa shirin makaɗansa na gida a ƙarƙashin Johnny Pearson, daga baya aka yarda mawaƙa su sake naɗar kiɗan musamman domin shirin su bi shi. A 1991 aka wajabta rera waƙa da baki kai tsaye, bayan 'yan shekaru aka sassauta. Dokar ta yi ta kai da komo har ƙarshen shirin.

To me ya sa mutane ke rantsuwa da abin da suka gani? Domin jiki ba ya motsa baki. Tsayuwar mutum, da kallonsa, da tufafinsa, da yadda ya tunkari kyamara, duk nasa ne kuma a wannan daren ya yi su. A 1971 Marc Bolan na T. Rex ya fito da ƙyalƙyali a ƙarƙashin idanunsa, aka wayi gari wani sabon salo ya kama ƙasa. Ranar 6 ga Yuli 1972 David Bowie ya zo da waƙarsa Starman, gashi ja, tufa mai launuka, ya rataya hannu a kafaɗar mai jitarsa Mick Ronson, ya nuna kyamara da yatsa kamar yana kiran wani yaro guda a cikin miliyoyin da ke kallo. Mawaƙa da dama da suka yi tashe bayan shekara goma sun sha faɗin cewa a wannan daren suka yanke shawarar abin da za su zama. Duka-duka abin bai kai minti huɗu ba.

Masoya kuma na riƙe da ranakun da asiri ya tonu. A 1983 New Order suka dage sai sun buga Blue Monday kai tsaye, na'urorinsu suka ba su wahala a gaban kowa. A 1988 mawaƙiyar All About Eve ta zauna shiru a kan kujera alhali muryarta na tashi a gidajen mutane, domin ita ba a kunna mata sautin a ɗakin ba. Mako na gaba aka dawo da su ta rera da bakinta. A 1991 aka ce wa Nirvana kiɗa na faifai ne, murya ce kawai ta gaske, sai Kurt Cobain ya sauke muryarsa can ƙasa ya ja waƙar yadda ba wanda ya taɓa ji, abokansa kuma suka ƙi ko kwaikwayon kiɗan. Waɗannan su ake ta ba da labarinsu har yau.

Amma babban sirrin shirin yana cikin falo ne. Har zuwa 1982 tashoshin talabijin uku ne a Birtaniya, kuma yawancin gidaje akwati ɗaya suke da shi. Don haka uba da uwa da kaka da yara duk a gabansa suke. A shekarun 1970 masu kallo sukan kai miliyan 15 a mako, a 1979 kuwa, lokacin da ma'aikatan ITV ke yajin aiki, sun haura miliyan 19. Uba na tsaki yana tambaya ko wannan namiji ne ko mace, ɗiya na roƙon a yi shiru, da safe a makaranta ba a da wata hira sai ta daren jiya. Ba na'urar naɗa a gida. Idan ka makara, ya wuce ke nan. Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ban yarda karin maganar ya kama waɗannan mutane duka ba. Da yawansu suna jin daɗin banarsu. Abin da suke nema a tsohon hoton shi ne falon, da mutanen da ke zaune a cikinsa, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Faɗuwar ta zo a hankali. Bidiyon waƙa ya yi ƙarfi tun bayan wanda Queen suka yi wa Bohemian Rhapsody a 1975, MTV ta iso Turai a 1987, tashoshi suka yawaita, kowane yaro ya samu akwati a ɗakinsa. A 1996 aka ɗauke shirin daga Alhamis zuwa Juma'a, ya faɗa karo da Coronation Street, wasan kwaikwayon da ya fi kowanne jama'a a ITV. A 2005 aka tura shi BBC Two ranar Lahadi. Ranar 30 ga Yuli 2006 aka yi na ƙarshe, bayan shiri sama da 2,000, aka bar na Kirsimeti kawai, wanda ya yi shekaru yana leƙowa sau ɗaya a shekara.

Wanda ya gabatar da shirin farko, Jimmy Savile, shi aka kira ya kashe fitilun ɗakin a shirin ƙarshe. Ya mutu a 2011, kuma a 2012 ta bayyana cewa ya shafe shekaru yana lalata da yara da 'yan mata. Rahoton binciken da Dame Janet Smith ta fitar a 2016 ya tabbatar da cewa wasu daga cikin laifuffukan a kewayen wannan shirin aka aikata su. Ba za a ba da tarihin Top of the Pops a tsallake wannan ba. Cikin matasan da ake gani suna rawa da murna a gaban kyamara akwai waɗanda aka cuta, kuma gidan da ya kamata ya kare su bai kare su ba. BBC ta daina maimaita duk shirin da ya gabatar. Ya dace, ko da yake hakan ya binne wasannin mawaƙan da ba su ji ba ba su gani ba.

Binnewar da ta fi wannan girma kuwa ta riga ta faru tun da daɗewa. Tef ɗin bidiyo na wancan zamani, mai faɗin inci biyu, yana da tsada, kuma ana iya goge shi a sake naɗa wani abu a kai. Yarjejeniya da ƙungiyoyin ma'aikata ta taƙaita maimaita shiri, ba kuma wanda ya hango za a zo ana sayar da tsofaffin shirye-shirye. A idon masu ajiya, waƙar makon jiya tamkar jaridar jiya ce. Suka yi ta gogewa. Daga cikin shirye-shirye 500 na farko, kimanin 20 ne suka tsira cikakku. Na ranar farko ma babu shi. Majami'ar titin Dickenson kanta an rushe ta a 1975. Sai a 1978 BBC ta kafa tsarin adana kayanta yadda ya kamata. Duk lokacin da na tuna wannan raina yakan ɓaci, domin ba gobara ce ta ci su ba, ba ambaliya ba. Mutane ne a ofis suka duba suka ga abin da yaran talakawa ke so bai cancanci wurin ajiya ba.

Daga nan tarihin shirin ya koma hannun masoyansa. Su suka shiga farauta. Cibiyar fina-finai ta Birtaniya ta fara wani gangami a 1993 na neman shirye-shiryen da ake zaton an goge, ƙungiyar masu sha'awa ta Kaleidoscope ta yi ta bin ɗakunan ajiya da akwatunan mamata. An samo wasu wasannin a Jamus, domin wani shirin tashar ZDF ya taɓa aron su ya ajiye kwafi. Wani ɗan guntun Beatles na 1965 ya tsira ne kawai saboda an saka shi a cikin wasan kwaikwayon Doctor Who. Sau ɗaya tak Beatles suka zo ɗakin shirin ana watsawa kai tsaye, ranar 16 ga Yuni 1966, kuma an goge shi. A 2019 aka gano daƙiƙa 11 na wannan dare, babu sauti, wanda wani ya ɗauka ta hanyar saita ƙaramar kyamararsa a kan akwatin talabijin na gida. Labarin ya zaga duniya, kuma jin sa ya sa wani ya fito da nasa mai daƙiƙa 92.

BBC ta gane da tsohuwar zuma ake magani. Tun 1994 ta buɗe shirin TOTP2 domin tsofaffin wasanni, a Afrilun 2011 kuma tashar BBC Four ta fara maimaita shirin bi da bi daga na 1976, inda ajiya ta fara kankama. Mutanen da suka kalle shi suna 'yan shekara goma sha wani abu sukan zauna a daren Juma'a da furfurarsu, kowa a gidansa, waya a hannu, suna muhawara a kan wandon wane da gashin wance, suna tuna wa juna inda suka sayi faifan.

A wannan shekara ta 2011 ne wani tsohon mai ɗaukar hoto na shirin ya ambata a wata hira cewa yana da kwafin wasan da Bowie ya yi na The Jean Genie a farkon Janairun 1973. Ya nemi kwafin ne tun a lokacin domin an yi amfani da wani gilashin kyamara da shi ya haɗa, yana son shaidar aikinsa. Bai san nasa ne kaɗai ya rage a duniya ba. Shekara 38 tef ɗin na ajiye. A watan Disamba aka nuna shi, mutane suka ga Bowie da Ronson da sauran yaransa suna buga waƙar da hannunsu, murya da jita da ganga duk kai tsaye, Bowie na hura ƙaramar sarewar baki a ƙarshenta.