Yadda Tambarin Halal Ya Hau Kan Kayan Kanti

Kakanninmu ba su buƙaci tambari ba. Mahauci ɗan unguwa ne, an san wanda ya yanka, an san inda aka feɗe. Matsala ta taso ne da abinci ya koma masana'anta. Ɗauki jelatin, wanda ke sa alewa danƙo: daga fata da ƙashin dabba ake tatso shi, na saniya ko na alade, kuma ido ba ya bambancewa, harshe ma haka.

Gwamnatin Malesiya ta fara bayar da takardar shaidar halal a 1974. Amma abin da ya girgiza kasuwa a Indonesiya ya faru. A 1988, Tri Susanto, malami a Jami'ar Brawijaya, ya wallafa jerin kayan kanti da ake zargin suna ɗauke da sinadaran alade. Jama'a suka ƙaurace wa kayan, ciniki ya faɗi. A Janairun 1989 Majalisar Malaman ƙasar, MUI, ta kafa sashen bincike da ya haɗa malaman fiƙihu da masana kimiyyar abinci.

Sai batun Ajinomoto, farin magin nan da muka sani, a farkon 2001. Kamfanin a Indonesiya ya yi kiwon bakteriyar da ke samar da sinadarin a kan wani abinci da aka sarrafa da enzayim na alade. Babu alade a cikin magin kansa, amma MUI ta ce hanyar ta gurɓata. Aka janye kayan daga kasuwa, kamfanin ya sauya hanya.

To, nan ne darasin yake. Gwajin DNA na iya gano alade a nama, kamar yadda aka gano shi a 2013 cikin abincin "halal" na gidajen yarin Birtaniya. Amma ba zai gaya maka ko an ambaci sunan Allah wajen yanka ba. Shi ya sa masu bincike ke bin takardun kowane sinadari, su shiga mayanka, su duba injina.

Saboda haka in ka ɗauki kaya a kanti, kada ka tsaya ga kalmar "halal" kawai, kowa na iya buga ta. Duba sunan hukumar da ta ba da shaidar, domin ita ce ta ɗauki amanar.