Gwajin Zuciya ga Wanda Bugun Zuciya Marar Tsari Yake Cikin Danginsa

Zuciyar babban mutum mai lafiya takan buga sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Bugu marar tsari shi ne ta riƙa gudu fiye da kima, ko ta yi nawa, ko ta riƙa tsallake bugu. Yawancinmu mukan ce "faɗuwar gaba" ce, mu ɗora wa tsoro ko tunani. Wani lokaci hakan ne. Amma akwai irin da yake sa jini ya daskare cikin zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Wanda yake da wannan irin, haɗarin shanyewarsa ya kai kusan ninki biyar na sauran mutane.

Abin da za a tambaya a gida

Likita ba zai iya sanin tarihin gidanku ba sai kun kawo masa. Da yawa cikin masu bi a Tambuwal da Kebbe aiki ko kasuwanci ne ya kawo su, tsofaffin da suka san labarin kuwa suna can gida. Zuwa Kirsimeti dama ce ta zama da su. A tambaya: cikin iyaye, da waɗanda ake ciki ɗaya da su, da 'ya'ya, wa ya rasu farat ɗaya kafin shekara 40? Wa ya kwanta lafiya bai tashi ba? Wa yake yawan suma a gona ko a filin ƙwallo? Akwai wanda ya iya iyo amma ruwa ya ci shi? Har wanda aka ce farfaɗiya ce da shi a ambata, domin wasu cututtukan zuciya sukan yi kama da ita.

Waɗansu cikin cututtukan nan gado ne, kamar kaurin naman zuciya. Idan uwa ko uba yana da irin wannan, kowane ɗa yana tsakanin ya gada ko kada ya gada, rabi da rabi. Ƙarfin jiki kuma ba shaida ba ne: Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallon Kamaru, ya faɗi a fili a Faransa ranar 26 ga Yuni, 2003, yana da shekara 28, binciken gawarsa ya nuna wannan cutar.

Sai dai ba duk abin da ya yawaita a gida ɗaya ne gado ba. Hawan jini yakan bi dangi. Ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba a ƙuruciya yakan lalata ƙofofin zuciya, sai bayan shekaru bugun ya rikice. Ga kuma raunin zuciya na masu jego, wanda ya yi yawa a ƙasarmu: wani bincike daga asibitin koyarwa na Sakkwato da aka buga a 2007 ya same shi a kusan haihuwa ɗaya cikin 100. Mace mai ciki da aka taɓa yin wannan a gidansu ta faɗa tun ranar awo na farko.

Gwajin kansa

Na farko kyauta ne. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙasan babban yatsa, ka ƙirga minti ɗaya cif, kana lura ko tazarar bugun daidai take. Na biyu awon jini: 140 bisa 90 ko fiye, idan ya maimaitu, hawan jini ne. Zumuntar mata ko ta maza za ta iya sayen na'urar awo ɗaya, ma'aikacin lafiya na cikin ikilisiya ya riƙa aunawa bayan sujada.

Daga nan sai asibiti. Gwajin ECG wayoyi ne ake manna wa a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, ba zafi, ba ya wuce 'yan mintoci. Matsalarsa ita ce bugun yana iya daidaita a daidai lokacin, shi ya sa likita yakan ɗaura wa mutum ƙaramar na'ura ta kwana ɗaya, ko ya tura shi hoton zuciya. A fara da babban asibitin gari, a karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Daga Tambuwal kusan kilomita 100 ne, daga Kebbe ya fi haka, don haka a tafi da duk kwalayen magungunan da ake sha, har na gargajiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: kwinin da kulorokwin, da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake saye a kemis ba takarda, suna iya rikita bugun mai ciwon gado. Giya ma tana tayar da shi.

Bangaskiya da gwaji

Akan ji masu cewa mutuwar fuju'a a gida ɗaya la'ana ce, ko kuwa zuwa gwaji rashin bangaskiya ne. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. A 2 Sarakuna sura 20, Allah ya yi wa Hezekiya alkawarin warkewa, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗaura masa curin ɓaure a marurunsa. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. Fasto ko dattijon da aka kira addu'a bayan irin wannan rasuwa, ya kamata bayan makoki ya ja 'yan'uwan mamacin gefe ya ce musu su je a duba su.

Amma suma, ko ciwon ƙirji, ko haki ba tare da aiki ba, ko kumburin ƙafafu bayan haihuwa, ko karkacewar baki da laushin hannu ɗaya, waɗannan ba na jiran ranar gwaji ba ne. A nemi mota nan take.